Mun koma Ajayil amma kod ɗinmu yana nan jiya i yau

Tambaya: Salam malam. Ina aiki a wani kamfanin softwaya, wata takwas kenan da aka ce mun koma Ajayil, wato tsarin yin aikin softwaya kaɗan-kaɗan a gajerun zanguna. An ɗauko ƙwararru sun mana kwas, wasu sun samu satifiket, kullum da safe mitin a tsaye, duk sati biyu a rufe zango. Amma har yau in ka taɓa kod a nan sai can ya ɓalle, ranar fitar da sabon aiki kuwa kowa cikinsa ya ɗuri ruwa. Dama canjin baya koyar da iya aikin ne, ko mu ne bamu gane ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ba ku bane wallahi, abin da aka sayar muku ne dama babu wannan a ciki.

Daga mitin tsaye da zangon sati biyu na gane Scrum aka kawo muku, tsarin Ken Schwaber da Jeff Sutherland da suka gabatar tun 1995. Toh Scrum magana yake kan wa zai jera aiki, yaushe za a haɗu, mitin safe kar ya wuce minti 15, zango kar ya wuce wata guda. Yadda za ka rubuta kod ko ka gwada shi kuwa ya bar muku, da gangan ma. Kwas ɗin Scrum Master, wato mai kula da bin tsarin a cikin tim, galibi kwana 2 ne, ina kwana 2 za su maida mutum gwani?

Abin haushin shi ne ba haka aka faro ba. Cikin mutum 17 da suka taru a Snowbird ta jihar Utah a Amurka a Fabrairun 2001 suka rubuta sanarwar Ajayil, akwai su Kent Beck da Ron Jeffries da Ward Cunningham, ƴan XP (Extreme Programming, wani salon rubuta softwaya), su kam duk hankalinsu na kan aikin hannu ne, ka rubuta gwaji, wato ƙaramin kod mai duba ko aiki na tafiya daidai, kafin ainihin kod, mutum biyu su zauna kan kwamfuta ɗaya, a riƙa haɗa kod ɗin kowa kullum, a riƙa gyara masa fasali ba tare da an canza abin da yake yi ba. Amma wannan ɓangaren wuyar sayarwa gare shi, manaja baya ganinsa a allon Jira, manhajar da ake bin sawun aiki da ita, sai kasuwa ta ɗauki mitin da satifiket ta ajiye sauran. Tun 2009 Martin Fowler, ɗaya daga cikin mutum 17 ɗin nan, ya yi ƙorafi kan daidai ciwonku, tim ta rungumi Scrum, a fara da gudu, can sai tafiya ta tsaya cak saboda kod ya cakuɗe. Ni a ganina gajeren zango ma ƙara rura wutar yake in babu gwaji, don duk sati biyu ana ƙara ɗaki kan ginin da ba a ɗaura wa tushe ba.

Abin yi, ku zaɓi fayil ɗin nan da kowa ke tsoro, kowane kamfani yana da irinsa, a ce wanda ke lissafin cajin kwastoma. Kafin a taɓa layi ko ɗaya a rubuta ƙaramin gwaji: in aka saka masa 5,000 me yake fitarwa yau, in sifili ne fa, in aka bar gurbin ba komai fa? A tara kamar goma, a sa su riƙa tashi da kansu duk sanda wani ya tura kod, in suka yi ja, wato gwajin ya faɗi, a tsaya a gyara kafin komai. Sannan a fara yanka dogon kod ɗin nan na cikin fayil ɗin gunduwa-gunduwa, mutum biyu tare, babba da ƙarami, suna karɓa-karɓar kibod. Sana'a ce kamar ɗinki, a gefen mai gida ake koyonta, don haka in da kuɗin ɗauko ƙwararre a nemi wanda zai zauna cikin kod ɗinku na gaske na wasu makonni, a fara tambayarsa yaushe rabonsa da rubuta kod.

Kuma ka gaya wa ogan ku tun yanzu cewa gudu zai ragu a zangunan farko, a rage abin da ake ɗauka a kowane zango, in ba haka ba ranar da aiki ya matse gwajin ne za a fara jefarwa.