Tambayi Likita: Kitsen Hanta da Maganin Ayurbeda

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 46, nauyina kilo 92. Na je hoton ciki don wata lalura daban, sai aka ce akwai kitse a hantata. Ban taɓa shan giya ba, kuma babu inda ke yi mini ciwo. Wata 'yar'uwata ta ce in bi tsarin Ayurbeda, maganin gargajiya na mutanen Indiya. Yana aiki kuwa? Ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, amma kada ki yi sakaci. Ana cewa hanta ta yi kitse ne idan maiƙon da ke cikinta ya haura kashi 5 cikin 100. Yawanci ba ta ciwo, shi ya sa ake gano ta kwatsam kamar yadda ya faru da ke. Tushen matsalar shi ne teɓa, da ciwon suga ko dab da shi, da yawan maiƙo a jini. Idan jiki ya daina jin maganar sinadarin insulin mai daidaita sugan jini, kitse yakan kwararo zuwa hanta, ita ma kuma ta riƙa juya rarar suga zuwa kitse.

Masana Ayurbeda suna fassara abin da nasu harshen. A wurinsu wutar narkar da abinci, wadda suke kira agni, ita ce ta yi sanyi, sai wata ɗabi'ar jiki mai nauyi da danshi, wadda suke kira kapha, ta rinjayi jiki, kitse ya taru. Wannan bayani ba shi ne na asibiti ba, sai dai shawarar da suka gina a kansa ta faɗa daidai a wurare da yawa. Suna cewa a ci babban abinci da rana, na dare ya zama kaɗan kuma da wuri, a bar ciye-ciye tsakanin abinci, a rage zaƙi da soye-soye. Sun fifita sha'ir, da ƙananan koren wake da suke kira mung, da ganyaye masu ɗaci. Sun hana mai ƙiba yawan barcin rana, sun kuma ce a taka ƙafa bayan cin abinci. Duk wannan muna goyon bayansa, domin yana rage nauyi, rage nauyin kuwa shi ne maganin da aka fi tabbatarwa.

Ga lissafinki. Sauke kashi 5 cikin 100 na nauyi yana rage kitsen, wato kilo 4 da rabi ke nan a wurinki. Idan ana son kumburi da tabon da kitsen kan haifar a hanta su ja baya, sai an kai kashi 7 zuwa 10, wato kilo 6 da rabi zuwa 9. Ki yi shi a sannu, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Masu ƙuntata wa kansu da yunwa don su rame cikin wata guda sukan jawo tsakuwa a matsarmama, hantar ma ta ƙara kumbura. A faranti, rabi ganye da kayan lambu, kwata wake ko kifi ko ƙwai, kwata hatsin da ba a cashe shi tas ba. Lemon kwalba da matsattsen ruwan 'ya'yan itace su ne na farko da za ki sallama, saboda sugan fruktos da ke cikinsu hanta ce ke ɗaukar nauyin sarrafa shi. A nan ne muka saɓa da tsofaffin littattafan Ayurbeda, waɗanda ke yabon zuma ga mai ƙiba: zuma ma cike take da fruktos, kada ta wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini. Sai tafiya mai ɗan sauri ta minti 30, kwana biyar a mako. Motsa jiki yana rage kitsen hanta ko da sikeli bai motsa ba.

TAMBAYA: Likita, na sayi kafson kurkur mai haɗe da masoro, da ƙwayar giloy, da wata Arogyavardhini, duk an ce suna wanke hanta. Zan iya haɗa su?

AMSA: Malam, don Allah ka dakata kafin ka haɗiyi ko ɗaya. A nan ne mutane ke gudun gara su faɗa wa zago.

Giloy, wani tsiro da ake kuma kira guduci, an sha shi sosai a Indiya lokacin annobar korona, kuma a 2021 likitocin can suka wallafa rahoton mutanen da ya jawo wa kumburin hanta mai kama da wanda garkuwar jiki ke haddasawa. Ashwaganda ma, wata saiwa da ake magani da ita a Ayurbeda, an samu waɗanda suka kamu da ciwon shawara bayan shanta. Kurkur a cikin girki ba shi da laifi, rabin ƙaramin cokali a tukunya ba ya cutarwa. Kafso daban ne. An tace sinadarin kurkumin da ke cikin kurkur an cusa shi da yawa, sannan an haɗa da sinadarin masoro wanda ke ninka yadda hanji ke tsotse shi. Irin wannan haɗin ne aka fi samu a rahotannin lahanin hanta daga Italiya da Amurka. Iyakar da masana abinci na duniya suka sa wa kurkumin ita ce miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin jiki a yini, wato miligiram 240 ga mai kilo 80. Ka juya kwalbarka ka karanta, za ka ga kafso ɗaya tak yakan kai 500.

Arogyavardhini kuwa tana cikin rukunin magungunan da ake haɗawa da ƙonannun ƙarafa, kuma a asalin haɗinta akwai zaiba. Masu yin ta suna cewa an tsarkake ta, amma ba ka da hanyar tantancewa. A wani bincike da aka wallafa a 2004, an gwada magungunan Ayurbeda 70 da ake sayarwa a Boston ta Amurka, aka sami dalma ko zaiba ko gubar asanik a cikin 14. Duk sunan da ya zo da bhasma ko rasa, ka kauce masa. Na ruwa waɗanda sunansu ke ƙarewa da arishta ko asava tsimi ne, suna ɗauke da barasa da kan kai kashi 12 cikin 100, hanta mai kitse kuwa ba ta buƙatar ko ɗigo.

Sauran magungunan tsirrai na Ayurbeda irin su kutki da bhumi amla da tirifala an yi ƙananan gwaje-gwaje a kansu, amma babu wanda ya kai matsayin da za a ce yana warkar da tabon hanta. Wanda ya dage sai ya gwada, to ya sanar da likitansa, ya yi gwajin jini na lafiyar hanta, wato ALT da AST da bilirubin, kafin ya fara, ya sha ganye ɗaya kawai ba haɗi ba, ya sake aunawa bayan mako huɗu zuwa shida. Idan ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko ƙaiƙayi da tashin zuciya suka taso, a tsayar nan take a tafi asibiti da kwalbar a hannu. Mai juna biyu, da mai shan maganin tsinka jini, da wanda hantarsa ta riga ta ƙandare, babu ruwansu da gwajin.

TAMBAYA: An ba ni shawarar wankin ciki na pancakarma. Kuma ta yaya zan san na warke?

AMSA: Wankin cikin da ke cikin pancakarma, wanda suke kira birecana, shi ne a sha man shanu na kwanaki, sannan a sha maganin gudawa. Kitsen hanta yana cikin ƙwayoyin hantar ne, zawo ba ya fito da shi. Abin da kan biyo baya shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki, wanda haɗari ne ga mai ciwon suga ko ƙoda.

Game da warkewa, kada ka dogara da ALT kaɗai, domin yakan fito lafiya alhali tabo na ci gaba. Ka roƙi likita ya lissafa maka FIB-4, ma'aunin haɗarin tabon hanta, wanda ake fitarwa daga shekarunka da AST da ALT da adadin ƙwayoyin daskarar da jini. Ƙasa da 1.3 haɗarin tabo kaɗan ne. Idan ya haura haka sai a yi FibroScan, na'urar da ke auna taurin hanta. A gwada ka ciwon hanta nau'in B da C tun farko, a duba sugan jini, sannan a maimaita gwajin jinin bayan wata shida da fara sabon tsarin abinci.