Amsa kan ɗokin dawowar tsofaffin wasannin kwamfuta

Malam, ka tambaya ko akwai dalilin ɗokin da ake yi kan farfaɗo da tsofaffin wasannin kwamfuta masu labari ta hanyar karo-karo. A ganina akwai, domin an gwada an gani. A 2012 kamfanin inXile ya nemi dala dubu 900 a Kickstarter, shafin intanet na tara kuɗi ta karo-karo, don yin Wasteland 2, ci gaban wasan Wasteland na 1988, sai ya samu kusan miliyan 3. Kamfanin Obsidian kuwa, shi ma da kuɗin karo-karo, ya fitar da wasan Pillars of Eternity a 2015, inda kake hangen mayaƙanka daga sama, ka tsayar da faɗa ka ba kowa umarni, kamar a tsohon wasan Baldur's Gate. Sai dai ka tanadi haƙuri, domin Wasteland 2 da aka sa ran fitowarsa a 2013 sai Satumban 2014 ya fito.