Filin Motoci: Skyline, Supra da Evo, wacce za ta iya zama a Kebbi?

Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan motocin gudu na Japan ne, kamar an haɗa baki, don haka na ware guda huɗu na amsa, sauran masu tambayar giyar Corolla da lagireton Golf ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne amma ina ɗan taɓa kasuwancin shinkafa, tun ina ƙarami nake ganin wagga mota Nissan Skyline GT-R R34 a fina-finai da wasan kwamfuta, wallahi ita ce burina, wani ya ce min a Japan gwanjonsu ake yi da arha, to mi za ya hana in tara kuɗi in yi odarta ta Kwatano ta shigo ta Kamba? Daga Nasiru, Badariya, Birnin Kebbi.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena Nasiru. Allah ya sa wa kasuwa albarka, amma wanda ya ce maka da arha ake gwanjon R34 labarin shekara ashirin da suka wuce yake ba ka. Motar an ƙera ta ne daga 1999 zuwa 2002 kawai, kuma Amurka tana da doka cewa motar da ba a yi ta don kasuwarsu ba sai ta cika shekara 25 kafin a shigar da ita, to 'yan 1999 sun cika a 2024, tun kafin lokacin ma masu kuɗin can suka riƙa saye suna ajiyewa a Japan suna jiran rana. Yanzu mai lafiya ta haura dala dubu 100, samfuranta na musamman irin su V-Spec II da M-Spec Nür kuwa sun yi gaba sosai. Ka lissafa wannan da buhun shinkafa ka gani.

Ko da kana da kuɗin ma, akwai katanga uku a gabanka. Ta farko sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilun 1972, kuma dokar hanya ta hana yi wa mota mai sitiyarin dama rajista, su kuma R34 GT-R da yayyenta R32 da R33 kamfanin bai taɓa yin su da sitiyarin hagu ba. Za ka ce ai a Kwatano ana juya sitiyari, gaskiya ne ana juyawa, amma injinta RB26 turbo biyu gare shi kuma a ɓangaren hagu suke zaune, daidai wurin da sandar sitiyari za ta bi idan an juya, ka ga ba aikin walda da guduma ba ne irin na Hiace. Motar da aka yi don ta yi gudu sosai a ce an yanke mata dashbod an yi wa birki da sitiyari ƙari, ni dai ba zan shiga ba ko kyauta ce. Ta biyu shekaru, jerin kayan da kwastan suka haramta ya haɗa da motar hannu da ta wuce shekara 12 da ƙerawa, da can 15 ne aka rage. Ta uku ita ce Kamban da ka ambata, tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakar tudu, buɗe bodar Kamba da aka yi a 2022 bai sa 'yar fasaƙwauri ta zama halal a wurin kwastan ba, duk ɗan Kebbi ya san yadda ake tsare mota tsakanin Koko da Yawuri a ce a kawo takardar duti.

Wani abu kuma da ya kamata matasa su gane, ba kowace Skyline ce GT-R ba. A R34 ɗin nan akwai GT mai ƙaramin inji mara turbo, akwai GT-T mai RB25 da turbo ɗaya wadda ƙafar baya kaɗai ke ja, sannan GT-R mai lita 2.6 da ke jan ƙafa huɗu. Sau da yawa wadda kake gani a intanet da ɗan sauƙin kuɗi GT-T ce aka sa wa bamba da fiffiken GT-R. In dai sunan ne ya shiga ranka to R35, magajiyar R34 da ta fito a 2007, an yi ta da sitiyarin hagu, akwai su a Amurka da Dubai, ita ce kaɗai GT-R da za ka shigo da ita ka yi barci da ido biyu rufe, in ka samu ta shekarun baya-bayan nan, sai dai ita ma kuɗinta na gidan sama ne.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Ina da Lexus IS300 'yar 2003, bakanikena ya ce injin da ke cikinta shi ne na Toyota Supra, wai in na sa turbo za ta koma Supra sak. Gaskiya ne ko yana son cin kuɗina ne? Daga Abdul, Jega.

AMSA: Abdul, bakanikenka ya faɗi rabin gaskiya ya riƙe rabi. Injin IS300 da GS300 na wancan zamani sunansa 2JZ-GE, silinda shida a jere, lita 3, kuma haka ne akwai Supra da ta zo da shi, wato mara turbo. Amma Suprar da duniya ke yi wa kirari, A80 ta 1993 zuwa 2002, injinta 2JZ-GTE ne, harafin T ɗin nan shi ne duk rigimar. Bulok ɗin duka biyun na baƙin ƙarfe ne mai kauri shi ya sa suke da juriya, amma mai turbo an rage masa matsin fistin zuwa 8.5, an sa masa gasket mai kauri da 'yan bututun da ke fesa baƙin mai ƙarƙashin fistin don sanyaya shi, naka kuwa matsinsa ya kai 10 ko ya ɗan haura, kuma na shekarar motarka sandunan fistin ɗinsa sun fi sirara. Taka tana ba da ƙarfin doki 215, Supra mai turbo ta Amurka 320. A Japan kuwa 280 suke rubutawa, saboda kamfanonin can sun yi yarjejeniya tsakaninsu kada kowa ya tallata fiye da haka, har zuwa 2004 da aka watsar, shi ya sa za ka ga Skyline da Supra da Evo duk 280 a takarda alhali kowa ya san wasu sun wuce.

Ana iya sa wa naka turbo, mutane suna yi a waje, amma ba turbo kaɗai ake saye ba, sai nozul manya da famfon mai da abin sanyaya iska, sannan babban abu wanda zai zauna da kwamfuta ya sake saita ƙwaƙwalwar motar, kuma giyar otomatik ɗinka ba a yi ta don wannan ƙarfin ba. Ka tambayi ogan naka ko ya taɓa yin guda ɗaya da ta yi shekara tana yawo, in ya fara sosa ƙeya ka san amsa. Ni a ganina IS300 yadda take mota ce mai daɗi, ƙafar baya ke ja, kayanta ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, ka gyara mata ƙafa da shokazoba ka sa taya mai kyau ka more abarka. Af, ita kuma sabuwar Supra ta 2019 injin BMW ne a cikinta kuma a Ostiriya ake haɗa ta, don haka mai neman 2JZ kada ya je can.

TAMBAYA: Malam ina da niyyar yin oda daga Amurka, tsakanin Mitsubishi Evo da Subaru STI wacce ta fi, kuma yaya zan lissafa kuɗin har ta iso gida? Na ga wata a shafin gwanjo dala dubu 10 kacal. Daga Alhaji Bello, Yawuri.

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, ka yi dabara da ka kalli Amurka maimakon Japan, don can sitiyarin hagu ne irin namu. Su biyun nan kishiyoyi ne tun a gasar tseren daji ta duniya, Colin McRae ya ci da Subaru a 1995, Tommi Mäkinen ya ci da Mitsubishi sau huɗu a jere daga 1996 zuwa 1999, duka suna jan ƙafa huɗu kuma asalinsu motocin gida ne masu ƙofa huɗu aka yi musu allura. Matsalar Evo ita ce an daina yin ta, Evo X ita ce ta ƙarshe kuma 'yar 2015 ce autarsu a Amurka, ka ga dokar shekara 12 ta riga ta cinye yawancinsu. Tana da kala biyu, GSR mai giyar hannu biyar da MR mai giya shida mai kuloci biyu da ke canja kanta, in za ka saya ka ɗauki GSR, don giyar MR in ta lalace a Yawuri sai dai a ɗora motar a tirela. A kula kuma da Lancer Ralliart, tana da turbo amma ba Evo ba ce, balle Lancer zalla da aka manna wa fiffike. STI kuwa an ci gaba da ita har 2021, lita 2.5, doki 305 zuwa 310, giyar hannu shida kawai take zuwa da ita, duk wanda ya nuna maka STI otomatik 'yar Amurka to ƙanwarta WRX ce, wadda ba ta kai ta ƙarfi ba. Lambar shasi ita ke raba gardama, ka sa a binciko ta kafin ka tura ko sisi.

Maganar dala dubu 10, mota irin wannan ba ta sauka wannan farashi a shafukan gwanjo irin su Copart ko IAAI sai da dalili, ko ta yi hatsari ko ruwa ya ci ta, kuma masu irin motocin nan ba zuwa kasuwa suke yi da su ba, matasa ne da suka gama murza su. Mai bugu a gefe ana gyarawa, wadda ambaliya ta shanye ka guje ta, wayarin ba ya yafiya. Kan kuɗin gwanjo za ka ƙara kuɗin kamfanin gwanjon, da na jan ta zuwa tashar ruwa, da na jirgi zuwa Tin Can ko PTML a Legas. Sannan kwastan, tun 2022 suna lissafi ne da lambar shasi, wato darajar da na'urarsu ta ba motar ba abin da ka biya ba, don haka rasit ɗinka na dubu 10 ba zai cece ka ba, a tsarin da aka fitar a shekarar duti kashi 20 ne da harajin ƙari kashi 15, ga VAT kashi 7.5, ga 'yan ƙananan caji, ga ejan, ga kuɗin ajiya in ta kwana biyu a tasha, kuma ka sa ejan ɗinka ya duba maka abin da ake caja a ranar don suna canjawa. Duk wannan da farashin dala ake auna shi, dalar da take wajen naira 460 a hukumance a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a 2024. Kada ka tsayar da kasafi sai ka ninka kuɗin gwanjon sau biyu, sannan ka ajiye na gyara daban.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne, mai ne da zafi. Injinan nan masu turbo man fetur mai ƙarfin oktan suke so, a Japan har 100 ake sayarwa, mu kuwa kala ɗaya ne a kowane gidan mai kuma bai kai nan ba, balle na bumburutu a galan. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 a Kebbi, ka taka ta sosai a hanyar Koko zuwa Jega, inji zai fara ƙwanƙwasa, shi kuma injin STI an san shi da fasa gefen fistin in ana haka. Da ni ne da kuɗin, sai in duba marasa turbo, Nissan 370Z mai lita 3.7 ko Lexus IS350, ko Toyota 86 wadda ake kira Subaru BRZ ko Scion FR-S, doki 200 ne kawai amma ba ta da nauyi kuma tana da daɗin kwana. Su ma sun fi son mai mai kyau amma sun fi haƙuri. Sai dai ƙasa suke sosai, tudun rage gudu na cikin gari zai riƙa gaisawa da cikinsu kullum.

TAMBAYA: Ɗana ya matsa min in saya mai wata Mazda RX-8 da munka gani a Sakkwato, kuɗinta bai kai na Corolla ba, ya ce injinta ƙarami ne lita 1.3 ba ta shan mai. In saya? Daga Hajiya, Argungu.

AMSA: Hajiya ina gaisuwa, kada ki saya. Injinta ba irin na sauran motoci ba ne, babu fistin a ciki, wasu ƙarafa ne masu kusurwa uku ke juyawa, lita 1.3 ɗin a takarda ne amma shan manta ya kai na V6, kuma da gangan aka yi ta tana ƙona baƙin mai kaɗan-kaɗan, in yaro ya manta bai duba ba sati biyu uku shi ke nan. In aka tayar da ita da sanyi aka kashe nan take sai ta shaƙe da mai ta ƙi tashi, kuma in 'yan ƙarafan bakin kusurwar suka cinye sai an sauke inji gaba ɗaya, da wuya ki samu mai buɗe shi a nan kusa, shi ya sa yawancin waɗanda ke yawo an riga an cire injin an dasa na wata mota, arhar ke nan. An daina yin ta tun 2012.

Kuma Hajiya ki ɗan bincika ko wasan mota na ranar ɗaurin aure ne ke ransa, don motar ƙafar baya ke jan ta kuma irin ta yara ke nema su riƙa juyi da ita a kwalta mutane na tsaye a gefe. In abin hawa yake buƙata na zuwa makaranta ki nema masa Civic ko Corolla mai giyar hannu, ki kuma tafi da bakanike naki ba na mai sayarwa ba.