Amsar Baffa kan yadda za ku tuna da mahaifinku

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka tambayi abin da al'ada ta tanada don tunawa da mahaifinku, wanda ya sa kaki a yaƙin basasa, ya dawo ya riƙe zarto har ƙarfinsa ya ƙare, da kuma ko ya dace ku buga kalanda mai hotonsa ku yi taro ranar arba'in. Allah Ya jiƙansa, Ya kyauta namu zuwan.

Zaman makoki kwana uku ne, kun riga kun yi. Sadakar bakwai da ta arba'in kuwa malamai sun saɓa a kai. Wasu gidajen har gobe suna toya waina ko su yi gumba a raba bayan addu'a, wasu na ganin ba ta da asali. Ko wanne kuka bi, kada a taɓa ko sisin kwabo daga dukiyar mamaci, tunda a cikin magada akwai ƙannenka da ba su balaga ba. Mai son yi ya sa hannu a aljihunsa. Kalanda ba zan hana ka ba, amma ka san shekara na juyowa da ita za a ƙunshe ƙosai.

Abin da ke gabanku shi ne shago. Da wuya kafinta ya rasu babu haƙƙin mutane a hannunsa. Ka zauna da babban yaron shagon, littafi a gabanku, ku bi aiki ɗaya bayan ɗaya: wa ya ba da kafin alƙalami, nawa ne, me aka ce a yi masa, ina aikin ya tsaya. Ƙofar da aka haɗa ba a kafa ba, gadon amarya da ranar biki ta matso, rufin da aka ɗora katako ba a buga kwano ba. Wanda yara za su iya ƙarasawa su ƙarasa, wanda ya fi ƙarfinsu a mayar wa mai shi kuɗinsa. Sannan ka taka da ƙafarka zuwa 'yan katako da masu sayar da ƙusa da fenti, domin yawancin bashin sana'ar nan da baki ake ƙulla shi, kuma wani kunya za ta hana shi zuwa gidan makoki da maganar kuɗi. Sai an biya bashi, an zartar da wasiyya idan ya bari, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, kafin a zo maganar rabon gado.

Kayan aiki ma gado ne, daga injin yanka har guduma da tef. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a garƙame shago "sai an raba". Damina ɗaya ta isa tsatsa ta cinye haƙoran zarto, gara ta shiga falankin da ke ƙasa. A goge ƙarafan a shafa musu baƙin mai, a ɗaga katako bisa bulo, a sa ƴan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, in ba haka ba ya kantare. A kira kafintoci biyu daga waje su yi wa komai kuɗi a gaban shaidu. Idan manyan magada sun yarda, su sayi wani katakon daga rabonsu, yaran da ya koya wa aiki su yi wa masallacin unguwa makara ko su buga wa Islamiyya bencina. Wannan ita ce sadakar da ta dace da shi.

Ɓangaren soja takardu ne. Ku nemo takardar sallamarsa da lambarsa ta aiki, ku karɓi shaidar rasuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ku sanar da hukumar fanshon soja da ke Abuja. Kada kowa ya ci gaba da cirar fansho da katinsa. Reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji na ƙaramar hukumarku zai nuna muku hanya. Wanda aka rubuta sunansa a matsayin magaji a takarda wakili ne kawai, abin da ya karɓo na dukkan magada ne, kuma a nan zumunci ya fi lalacewa. Lambobin yabo a adana su wuri guda. Kakin kuma kada wani yaro ya saka ya fita, laifi ne a doka.

Ranar 15 ga Janairu ake tunawa da 'yan mazan jiya, domin a ranar ce yaƙin ya ƙare a 1970. Kafin ta zo, ka ziyarci abokan aikinsa da suka rage, ka ɗauki muryarsu a waya: bataliyarsa, garuruwan da suka zauna, shekarar da aka sallame shi, wanda ya koya masa kafinta. Ka rubuta wa jikoki. Kada ka je hannu rabbana, ka riƙe musu goro ko turare.

Iyayenku mata suna takaba wata huɗu da kwana goma a ɗakunansu. Ku raba cefane tsakaninku tun yanzu, kowa ya san makonsa, kuma a fara da kuɗin makarantar ƙannenka na zangon nan.