Tambaya da Amsa: Tsohuwar kwamfuta da ba ta tashi sai an lallaɓa ta

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon buga takardu a Mabera, kuma a cikinsa akwai wata kwamfuta da na saya tun wajen shekarar 2004, wadda ita kaɗai ce ke iya tuƙa tsohon injin yanka sitika da nake aiki da shi. Watanni uku ke nan ba ta tashi da safe sai na danna maɓalli sau biyar ko shida, wani lokaci kuma tana cikin aiki sai ta mutu da kanta. Wani mai gyara ya ce akwatin wutarta ne ya gaji, in jefar in sayi sabo. Shin ana gyara shi, ko kuwa in bi maganarsa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Mai gyaran nan ya gano inda ciwon yake, sai dai maganin da ya ba ka ba shi kaɗai ba ne. Alamomin da ka lissafa sun fi kama da na kafasita da suka tsufa, wato ƙananan gwangwanayen nan da ke tsaye a cikin akwatin wuta, waɗanda wasu masu gyara ke kira kwandensa. Akwatin wuta kuwa shi ne wanda ke karɓar wutar bango ya raba wa sassan kwamfuta. Aikinsu shi ne su tara wuta su riƙa sakinta a hankali, domin abin da zai isa babban allon kwamfuta ya zama mai laushi ba tare da tsalle-tsalle ba. A cikin kowanne akwai siririn falle na alminiyam da takarda da aka jiƙa da wani ruwan sinadari, aka naɗe su kamar tabarma, aka toshe gindin da roba. Wannan ruwa yana ƙafewa a hankali ta jikin robar, kuma idan ya ragu sai kafasita ta kasa aikinta, musamman a lokacin da take da sanyi. Shi ya sa kwamfutarka ke gardama da safe, amma idan ka yi ta dannawa har kayan cikinta suka ɗan ɗumama sai ta haƙura ta tashi.

Abin da ke saurin ƙafar da ruwan shi ne zafi, kuma a nan ne mu mutanen Sakkwato muke da namu lissafin daban. Masu ƙera kafasita suna rubuta ma'aunin zafi a jikinta, galibi digiri 85 ko 105, kuma da yawa an yi musu alkawarin awa 2,000 ne kacal a kan wannan zafi. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce, duk lokacin da zafi ya sauka da digiri 10 sai rayuwar kafasita ta ninka. Saboda haka mai lamba 105 da ke zaune a digiri 65 za ta yi kimanin awa 32,000, wato wajen shekara 11 idan ana aiki awa 8 a kullum, amma idan cikin akwatin ya kai digiri 75 sai lissafin ya koma rabi. To, a garin da bazara ke wuce digiri 40 a inuwa cikin Afrilu da Mayu, sannan ƙurar hunturu ta zo ta toshe fanka da ramukan shan iska, ƙarin digiri 10 ba wani abin wahala ba ne. Ni a ganina, akwatin wutar da ya kai shekara 20 a shagon Mabera ya biya kuɗinsa har da riba.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi shekarar da ka ambata. Tsakanin 1999 da 2007 an cika kasuwar duniya da kafasita masu gurɓataccen ruwan sinadari, yawancinsu daga wasu masana'antun Taiwan, waɗanda ke kumbura su fashe tun ba su daɗe ba. Matsalar ta taɓa manyan kamfanoni, har kamfanin Dell ya ware kimanin dala miliyan 300 a shekarar 2005 domin gyaran kwamfutocinsa na OptiPlex. Don haka idan aka buɗe taka, a duba babban allon ma, musamman gwangwanayen da ke kewaye da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kada a gyara akwatin wuta a bar rabin cutar a ciki.

Kafin batun gyara, ga gargaɗi wanda ba na so ka ɗauke shi da wasa. Manyan kafasita da ke ɓangaren shigowar wuta suna riƙe sama da bolt 300, a wasu akwatunan ma kusan 400, kuma suna iya ci gaba da riƙe ta bayan an zare waya daga bango. Wannan wuta tana kisa. Mai gyaran da ya san aikinsa zai zuƙe ta da razista mai ƙarfi, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, kamar kilo'om 10 mai wat 5, sannan ya auna da mita ya tabbatar babu saura kafin ya sa hannu. Wanda ka ga yana haɗa ƙafafun kafasita biyu da sukundireba har tartsatsi ya tashi, karɓi kayanka ka yi gaba. Idan kai ba ka taɓa aikin lantarki ba, kada akwatin nan ya zama wurin koyonka.

Ido yana gane wasu daga cikin waɗanda suka lalace: kan da ya kumbura maimakon ya kwanta sumul, ko busasshen ruwa mai ruwan ƙasa a sama ko a gindi. Amma da yawa suna bushewa ne ba tare da sun nuna komai ba, kuma a irin taka matsalar wadda ake fara zargi ita ce wata ƙarama, galibi tsakanin maikurofarad 10 da 47 mai bolt 50, da ke kusa da ɓangaren da ke tayar da wutar. Mita ta yau da kullum ba ta cika kama irin wannan ba, sai wadda ke auna abin da ake kira ESR, wato turjiyar da ke cikin kafasita ita kanta. Tunda akwatin ya tsufa haka, shawarata a canza duk na ɓangaren fitar wuta tare da ƙananan a zama ɗaya. Manyan nan na ɓangaren shigowar wuta sukan fi daɗewa, ana iya barinsu idan awo ya nuna lafiyarsu lau.

Wajen saye, adadin maikurofarad ya zama daidai da na tsohuwar, bolt kuma daidai ko sama da shi, kada ya gaza. A nemi mai digiri 105 kuma mai ƙarancin ESR, daga masu ƙira irin su Nichicon da Rubycon da Panasonic, tare da sanin cewa jabun waɗannan sunaye sun yi yawa a kasuwa, kuma araha fiye da kima alama ce. Kada a yarda da waɗanda aka ciro daga wani mataccen talabijin, domin su ma shekarunsu sun ja. A lura da zanen da ke gefen gwangwanin, shi ne ƙafar nagatif, kuma idan aka liƙa ta a juye za ta fashe, don haka a ɗauki hoton allon da waya kafin a cire komai.

Bayan an gama liƙi da dalma, kada a mayar da akwatin cikin kwamfuta nan take. A fara ba shi wuta ta cikin ƙwan fitila mai zare na wat 60 ko 100: idan ƙwan ya haska ya dushe, alama ce mai kyau, idan kuwa ya tsaya da haske sosai to akwai inda wuta ke haɗewa. A akwatin ATX, tsarin da Intel ya fitar a 1995, ana tayar da shi ne ta haɗa koriyar waya da baƙa, kuma ya fi kyau a rataya masa wani tsohon faifan ajiya ko fanka ya ja wuta. Rawayar waya ta ba da tsakanin bolt 11.4 da 12.6, ja kuma tsakanin 4.75 da 5.25.

Game da sayen sabo, idan akwatinka na ATX ne na gama-gari, sabo mai inganci zai yi, kuma ba laifi ba ne. Sai dai da yawa daga cikin kwamfutocin ofis na wancan zamani, musamman masu kwanciya a kan tebur, suna da akwatin da siffarsa ta keɓanta da su, wasu ma jerin wayoyinsu ya saɓa wa na kowa duk da cewa bakin soket ɗin iri ɗaya ne. Haka kuma sababbin akwatuna sun daina fitar da bolt 5 na nagatif, wato farar waya, wanda wasu tsofaffin katunan da ake sokawa a babban allo ke buƙata. Sa a duba waɗannan abubuwan kafin ka fitar da kuɗi, tunda abincin shagonka yana rataye da wannan injin.

TAMBAYA: Malam, ƙanena ya aiko mini da tsohuwar kwamfutar tebur daga Amurka. Ina jona ta a gidanmu da ke Arkilla sai ta yi ƙara kamar bindiga, hayaƙi ya fito. Ta mutu ke nan?

AMSA: Hajiya, duba bayan akwatin, kusa da inda wayar wuta ke shiga, za ki ga wani ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230. Wutar gidaje a Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230, kuma idan aka bar maɓallin a kan 115 sai akwatin ya ninka wutar da ta riga ta isa. Abin da kan ƙone shi ne fis da manyan kafasita da wani lokaci taransista, kuma sau da yawa ɓarnar tana tsayawa a nan ba ta kai ga babban allo da faifan ajiya ba. Kada ki sake jona ta. A gwada ta da wani akwatin wuta da ya dace da ita, wanda aka tabbatar yana kan 230.

TAMBAYA: Na gaji wata kwamfuta ta shekarun 1980 daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Na kunna ta, ta yi aiki minti kaɗan, sai farin hayaƙi mai wari ya cika ɗakin, amma abin mamaki ba ta mutu ba.

AMSA: Amin, Allah ya gafarta masa. Wannan kusan tabbas kafasitar tace wuta ce, irin ta takarda mai sunan RIFA, wadda ke cikin akwatunan wutar kwamfutoci da yawa na wancan lokaci, har da Apple II da BBC Micro. Jikinta na roba mai kama da ƙaro yana tsattsagewa da shekaru, danshi ya shiga, sai ta ƙone. Aikinta tace hayaniyar wuta ne kawai, shi ya sa kwamfutar ta ci gaba da aiki. A cire ta a sa sabuwa mai adadi ɗaya wadda aka rubuta X2 a jikinta, domin tana zaune ne kai tsaye a kan wutar gida kuma kafasita ta gama-gari ba ta dace da wurin ba. Idan akwai wasu irinta a kan allon da ba su ƙone ba tukuna, a canza su a wannan zaman, sannan a goge baƙin da ta bari da auduga da sifirit.