Ga mai tambaya kan intabiyu ta Zoom

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce wani kamfani da ke Landan ya kira ka intabiyu ta Zoom a kan aikin amsa ƙorafin kwastomomi daga gida, ba ka taɓa yin irinta ba, kana neman ta ina za ka fara. Na yi irin wannan intabiyu ina mai neman aiki, daga baya kuma na zauna cikin masu tantancewa, to bari in ba ka abin da na gani.

Mai ɗaukar ma'aikacin da ba zai gan shi a ofis ba, tun kafin ka buɗe baki ya fara auna ka. Ka shigo kan lokaci? Muryarka na fita sarai? Hotonka na tsayawa? Abin da zai riƙa fama da shi kullum kenan idan ya ɗauke ka, shi ya sa agogo da netwok da wuta suka zama rabin intabiyun.

Fara da agogo, don nan mutanenmu suka fi faɗuwa. Mu a Najeriya ba ma sauya lokaci, amma Ingila na sauyawa. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonmu ɗaya da na Landan, sauran watannin kuma mun riga su da awa ɗaya. Wato idan a Disamba suka ce ƙarfe 10 na safe, 11 kenan a Kano. Ka mayar musu da imel ka tabbatar. In lokacin ya ci karo da sallar Juma'a, ka nemi a matsar tun yanzu. Ban taɓa ganin an ƙi mutum don wannan ba.

Netwok kuwa, kada ka dogara da layi ɗaya. In kana da MTN, ka tanadi Airtel ko Glo a wata wayar, ka sa data a duka biyun, domin awa ɗaya ta bidiyo na iya cin kusan gig guda. Ana gobe intabiyun, a daidai wannan lokacin kuma a ɗakin da za ka zauna, ka kira wani abokinka ta Zoom ɗin ku gwada. Netwok ɗin asuba daban, na azahar daban. Ka cika cajin kwamfuta da waya, janareto kuma a kai shi nesa da taga, ka sa iyafis mai makirufo.

Akwai wata baiwar Allah da muka tantance, ana tsakiyar magana wuta ta ɗauke mata, hoton ya mutu. Kafin mu gama kallon juna sai ga saƙonta ta imel tana ba da haƙuri, minti biyu bayan nan ta dawo ta waya, ta ci gaba daga inda ta tsaya, ko a jikinta. Akwai waɗanda suka fi ta takardu, amma ita aka ɗauka, don mun ga yadda za ta yi ranar da hakan ta faru da kwastoma a kan layi.

Kusan tabbas za su tambaye ka yadda kake yi da matsalar wuta, domin sun san halin da muke ciki. Kada ka ce ba a ɗauke muku wuta, ba za su yarda ba. Faɗi abin da kake da shi: sola ce ko inbata, awa nawa take kai ka, ina kake komawa in komai ya ƙi.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ka fuskanci taga, kada ka ba ta baya, in ba haka ba inuwarka kawai za su gani. Ɗora kwamfutar kan littattafai kyamarar ta zo daidai idonka. Duba sunan da ke kan Zoom ɗinka, kada a ga laƙabin da abokai ke kiranka da shi. A gaya wa mutanen gida, a ja yara, a sa wani a ƙofa saboda masu sallama. Yi magana a hankali, ka ɗan dakata bayan sun gama tambaya, don murya kan yi jinkirin isa. Kada ka karanta amsa daga takarda, ido na tona asiri. Gara ka shirya labarai biyu na gaskiya kan yadda ka taɓa lallashin wanda ya fusata, ko a shagon POS ne.

Idan suka ce kana da tambaya, ka tambayi awannin aikin da agogon wa za a bi, da kuɗin da za a biya ka, fam ne ko dala ko naira, kuma ta wace hanya. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin rajista ko na horo, ko ya nemi lambar BVN ɗinka tun ba a ba ka takardar ɗaukar aiki ba, rufe kwamfutarka, ɗan damfara ne.

In kana son gwaji kafin ranar, yi mini magana ta akwatin saƙo mu sa lokaci bayan isha'i. Allah ya ba da sa'a.