Amsa: Masu gyaran magana suna da ƙungiya ta duniya?

Malama, kin tambaya ko masu gyaran magana, irin masu taimakon yara masu i'ina, suna da tsohuwar ƙungiya ta duniya. Suna da ita, sunanta IALP. Likita Emil Froeschels ne ya kafa ta a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1924, kuma duk shekara uku take yin babban taronta.

Sai dai shiga ƙungiyar ba lasisi ba ne. A nan Gusau na ga iyaye suna kai yaro wurin duk wanda ya nuna takarda mai tambarin ƙasar waje, abin yana damuna ƙwarai. A Najeriya hukumar MRTB ce ke yi wa masu wannan aiki rajista, takardarta za ki nema kafin ki miƙa ɗanki.